Inshorar lafiya a Najeriya: jan ƙafar ma siyasa ce

Da wuya ka ga ɗan siyasa a Najeriya ya miƙe a bainar jama'a ya ce yana adawa da a sama wa talaka inshorar lafiya. Gwamna ba zai faɗa ba, sanata ba zai faɗa ba, balle mai neman kujerar shugaban ƙasa. Kowa da bakinsa yana goyon baya. Duk da haka, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, waɗanda ke cikin wani tsarin inshorar lafiya ba su wuce wajen miliyan 20 ba, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a neman magani daga aljihun majinyaci da danginsa yake fita. Idan babu mai adawa, me ya tsayar da abin?

A ganina amsar tana cikin ranakun da aka sa hannu a dokokin. Dokar farko da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIS, ta fito ne a watan Mayun 1999, a kwanakin ƙarshe na mulkin Janar Abdulsalami Abubakar, yana shirin miƙa mulki. Ba a ƙaddamar da shirin ba sai a watan Yunin 2005, bayan shekara shida, kuma ko a lokacin galibi ma'aikatan gwamnatin tarayya ya tattara. Dokar Lafiya ta Ƙasa kuwa ta shafe kusan shekara goma tana kai da komo a majalisa. An zartar da ita a 2011, Shugaba Goodluck Jonathan bai sa hannu ba, ana ta jayayya tsakanin likitoci da sauran ma'aikatan lafiya. Sai a ƙarshen 2014 ya rattaba hannu, saura 'yan watanni zaɓe. Ita kuma dokar da ta rushe NHIS ta kafa sabuwar hukumar NHIA a madadinta, wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a watan Mayun 2022, saura shekara guda ya bar ofis.

Sau uku kenan doka na fitowa a lokacin da mai sa hannun ko dai yana haramar tafiya, ko yana neman ƙuri'a. Yabon ya tafi ga wanda ya riƙe alƙalami, nauyin nemo kuɗin kuma ya faɗa kan kasafin da zai zo daga baya. Ba mu kaɗai muke wannan ba: a Afirka ta Kudu, Shugaba Cyril Ramaphosa ya sa hannu a dokar inshorar lafiya ta ƙasa a watan Mayun 2024, mako biyu kafin babban zaɓe. Sai dai a can masu adawa da dokar sun fito fili, har sun kai ƙara kotu. A nan ba a yaƙar dokar, ana dai barinta ta kwanta.

A duba abin da ya faru da asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar 2014 ta tanada. Dokar ta ce a ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, rabinsa ya bi ta hanyar inshora don a biya wa marasa ƙarfi, kashi 45 ya tafi ga ƙananan asibitocin unguwa da ƙauye, kashi biyar ga agajin gaggawa. Kashi ɗaya tak. Amma kasafin 2015 ya wuce babu shi, na 2016 haka, na 2017 haka. Sai a kasafin 2018 aka saka kusan naira biliyan 55, kuɗin kuma bai fara isa jihohi ba sai 2019. Ba wanda ya soke dokar, ba wanda ya ce ba za a bi ta ba. An yi shiru ne kawai, kuma a wannan shirun mata sun ci gaba da haihuwa a ɗakunan shan magani da babu ko safar hannu.

Duk wanda ya taɓa jinya a asibitin gwamnati ya san abin da jinkirin nan yake nufi. Ana ba ka gado, sai a miƙo maka 'yar takarda: ruwan ƙari, sirinji, auduga, allura kaza, a je a sayo. Ɗan'uwa ya fita da gudu zuwa kemis ɗin da ke bakin ƙofa, ya dawo da rabin kayan saboda iya abin da kuɗin ya kai kenan. Idan tiyata ce, sai a koma gida a kama akuya ko a jinginar da gona. Idan abin ya fi ƙarfin dangi, sai ka ga dattijo ya miƙe bayan sallar magariba riƙe da takardar asibiti da ta sha ninki, yana neman taimakon jama'a, ko kuma a saka hoton yaro da lambar asusu a Facebook. Mutanenmu suna taimakawa, Allah ya saka musu. Amma taimakon da ya dogara ga wanda ya tausaya a ranar ba zai ɗauki cutar ƙoda ko ciwon daji ba.

Masu kare jinkirin suna da hujja, kuma ya kamata a saurare ta. Suna cewa wani jinkirin alheri ne: baitulmali na fama da biyan bashi, yawancin 'yan ƙasa ba su da albashin da za a cire kaso daga ciki, ga asibitocin ba su shirya ba. Ta yaya za ka tilasta wa mai tura baro ko mai sayar da ƙosai ya biya kuɗin wata-wata, alhali asibitin da za ka tura shi ba likita? Na yarda da rabin wannan magana. Tilasta wa talaka biyan kuɗi kafin a gyara wurin da zai je zalunci ne. Amma hujjar tana ƙarewa a inda aka tambayi abin da aka yi da shekarun da aka ce ana shiri. Kuɗin da ake ba asibiti a kan kowane mai rajista ya tsaya a naira 750 a wata fiye da shekara goma, farashin magani na ninkawa, sai a 2024 aka fara ɗaga shi. Shi ya sa ma'aikacin da ke da kati yake zuwa a ce masa maganin ya ƙare, ya fita ya saya da kuɗinsa, ya koma gida ya gaya wa maƙwabta cewa abin ba shi da amfani. Haka jan ƙafa yake cinye amana, sannan a juyo a ce mutane ne ba sa son shiga.

Kuma akwai masu jin daɗin zaman abin a haka, ko da ba su faɗa ba. Mai kamfanin da bai sa ma'aikatansa a inshora ba yana ajiye kuɗinsa muddin ba a bibiyar sa. Ƙungiyoyin ƙwadago sun daɗe suna ɗari-ɗari da a taɓa albashi, kuma ba za a ga laifinsu sosai ba ganin yadda aka yi da wasu kuɗaɗen da aka cire a baya. Gwamna kuma ya fi son ginin asibitin da zai yanke ƙyalle a gabansa, domin kati a aljihun tsohuwa ba ya fitowa a hoto. Ita kanta hukumar NHIS ta ɓata lokaci mai tsada a rikicin shugabanci tsakanin 2017 da 2019, lokacin da aka yi ta dakatar da shugabanta, Farfesa Usman Yusuf, ana dawo da shi har aka sallame shi. Waɗanda jinkirin ke cutarwa kuwa ba su da ƙungiya, ba sa yajin aiki, kowa yana fama da nasa majinyacin a gida.

Ghana ta nuna cewa ba sai ƙasa ta yi arziki ba. A 2003 gwamnatin John Kufuor ta kafa dokarta, ta kuma haɗa ta da harajin kashi biyu da rabi a kan kayayyaki don shirin ya sami abin da zai tsaya a kai. Suna da matsalolinsu, musamman jinkirin biyan asibitoci, amma sun fara da amsa tambayar kuɗi. Mu kuwa dokar 2022 ta kafa asusun marasa galihu, aka ce zai ɗauki mutum miliyan 83, aka yi ta maganar harajin kwabo ɗaya a kan kowace daƙiƙa ta kiran waya, maganar ba ta kai ko'ina ba. Alkawarin ya tsaya, hanyar kuɗin da za ta iya ɗaukarsa ba ta samu ba.

Ba za a ce ba a motsa ba. Kano ta yi dokar hukumar taimakekeniyar lafiya tun 2016, Kaduna ta bi baya, kuma a 2025 Shugaba Bola Tinubu ya umarci ma'aikatun tarayya su sa ma'aikatansu a tsarin, a kuma nemi shaidar inshora daga kamfanonin da ke neman kwangila. Mataki ne mai kyau, sai dai shi ma ya zo shekara uku bayan dokar da ta riga ta wajabta hakan, kuma ya fi shafar masu albashi. Manomin ƙauye da mai talla har yanzu suna waje.

Abin da nake so masu zaɓe da 'yan jarida su riƙe gabanin zaɓen 2027 shi ne su daina karɓar kalmar goyon baya, tunda ba ta da tsada. A tambayi mai neman kujerar gwamna mutum nawa zai biya wa a shekarar farko, daga wane kuɗi, kuma a wane wata katin zai fara aiki a asibitin gundumarsu. A tambayi ɗan majalisar tarayya ko zai goyi bayan a rubuta wa asusun marasa galihu tabbatacciyar hanyar kuɗi da wa'adi a cikin doka, da hukunci ga jami'in da ya riƙe kuɗin. Majalisun jihohi kuma su wajabta wa hukumominsu buga adadin waɗanda aka yi wa rajista da abin da aka biya kowane asibiti duk bayan wata uku, a liƙa a ƙofar asibitin inda majinyata za su gani.