Takardun kakanninmu na barin Damagaram warƙa-warƙa

Ƴan uwana Damagarawa, akwai cinikin da ake yi a garin nan wanda ba za ka gan shi a kasuwar Dole ba, a zauruka ake ƙulla shi. Dillalai ne ke bin gidajen malamai da na tsofaffin fatake a Birni da Zango suna cigiyar tsofaffin takardu: wasiƙu, kundaye, Alƙur'ani rubutun hannu, da duk abin da ke ɗauke da hatimi. Sun san lokacin zuwa. In an yi rasuwa ana shirin rabon gado za ka gan su, haka in hatsi ya yi tsada da damina.

Ban ga laifin magidancin da ya sayar ba. Mutum na da marar lafiya a kwance, ga gafaka rataye da ba wanda ya buɗe tun rasuwar kakansa, an miƙo masa ƴan jikkuna, me kake so ya yi? Abin da ke ci mini rai shi ne abin da ke faruwa bayan an fita da gafakar.

Littattafanmu na da ba ɗinke suke ba. Warƙoƙi ne a jere cikin tadarishi, wato bangon da ake rufe littafi da shi, kuma marubuci kan sa kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gama, don kada jerin ya rikice. Dillali ya san in ya sayar da littafin ɗungurungum kuɗi ɗaya zai samu, in ya rarraba kuwa kowace warƙa mai zayyana da kuɗinta. Sai ya zare masu ado su tafi wajen masu sa su a gilashi su rataye a bango, sauran a watsar. Shafin ƙarshe, inda marubuci ke faɗin sunansa da wanda ya rubuta wa littafin, sau da yawa ba shi da ado, shi ya sa shi ne ke fara ɓata.

Wasiƙu sun fi ba ni tausayi. Na taɓa riƙe wata a gidan wani dattijo, Allah ya ƙara masa lafiya. Ƴar ƙarama ce, an naɗe ta har lanƙwasar ta fara tsagewa, tawadar yambari ta koma ruwan ƙasa. Ya ce mini, "Ɗana, ɗaga ta ga rana." Da na ɗaga sai ga jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar. Irin wannan takarda a Italiya ake yin ta, ta biyo ta Tarabulus ta ƙetaro Sahara a bayan raƙumi. Tun kafin ka karanta harafi ɗaya, ta riga ta gaya maka da wa kakanninmu ke ciniki. A ciki kuwa gaisuwa ce, sai lissafin fatu da gashin jimina da bashin da ake bin wani. Dattijon ya san wanda ya rubuto, ya san gidan jikokinsa. Ran da takardar nan ta faɗa hannun baƙo, wannan sanin ba zai bi ta ba.

Ku duba yadda ake karanta tarihinmu. Richardson Baturen Ingila ya zauna a garin nan a 1851 zamanin Sarki Ibrahim, Barth Bajamushe ya iso a ƙarshen 1852, kuma abin da suka rubuta a kanmu yana nan a buge, kowa na iya samu. Kisan Kyaftin Kazamaju Bafaranshe a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, da shigowar Faransawa a 1899, rahotannin sojojinsu na adane a ƙasarsu. To ina namu ɓangaren? Daular da Sarki Tanimun ya kewaye birninta da ganuwa, ta yi hulɗa da Barno da Kano da Agadas, ba da baki kaɗai aka tafiyar da ita ba. Akwai malaman fada, akwai alƙalai, akwai fatake masu aika saƙo. Abin da ya rage na rubutunsu shi ne ake fita da shi a jakar hannu.

Doka na nan, ta 1997, wadda ta shafi kare kayan tarihin ƙasa, amma wa zai tsaya binciken ambulan a tasha? A Yamai akwai sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta IRSH, wanda marubuci Bubu Hama ya aza harsashinsa. Mu nan muna da jami'a mai sunan Andre Salifu, mutumin da ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19. A ganina ya kamata a ce tana da ɗaki guda da na'urar ɗaukar hoto inda iyali za su kawo takardunsu a ɗauka, a rubuta asalinsu, a mayar musu da abinsu. Mutane na tsoron in sun nuna za a ƙwace, kuma sai an cire wannan tsoron kafin su fito da komai.

Alhazanmu masu hali, ku ma da ku nake. Tara tsofaffin takardu ba abin kunya ba ne, kuma ba sai Bature ba. In dole gida ya sayar, gara ɗan gari ya saya, gaba ɗaya ba a rarrabe ba, ya rubuta daga gidan da ta fito, ya bar ɗalibai su gani.

Wanda kuma ke da su a gida, don Allah ya ɗaga su daga ƙasa saboda gara da danshin damina. Kada a liƙe yagewa da salatif, kada a kai su a narka musu leda. A sami yaro mai waya ya ɗauki hoton kowane shafi bi da bi, gaba da baya, sannan a zauna da tsohon gidan ya faɗi na wane ne, yadda aka yi ta zo, a rubuta a takarda daban a sa cikin gafakar.