Ba allurar ce ta haifo sabon sanƙarau ba

Wani labari ya ce bayan an yi allurar rigakafin sanƙarau wani sabon nau'in cutar ya ɓullo, sai na ga wasu har sun fara cewa allurar ce ta kawo shi. Haba jama'a, a bi a hankali.

Allurar rigakafin sanƙarau ta MenAfriVac da aka fara yi wa jama'a a Nijar a 2010, Najeriya kuma a 2011, nau'in A kaɗai take karewa, kuma ta kusa shafe shi. Ita ƙwayar cutar wata riga ce da ita, kowane nau'i da irin tasa, rigar nan allura ke koya wa jiki ganewa. A cikin maƙogwaron mutane kuwa, ƙwayoyin suna musayar ƙwayoyin halitta tsakaninsu. Nau'in C da ya bayyana a Sakkwato a 2013, ya addabi Yamai a 2015, ya kuma yi ɓarna a Zamfara a 2017, bincike ya nuna asalinsa ƙwaya ce marar riga da ta samo rigar C ta wannan hanya. Wanda aka yi wa allurar A ba shi da kariya daga gare ta, shi ke nan.

Allurar Men5CV da Najeriya ta fara yi a 2024 tana kare A, C, W, X da Y. A kai yara rigakafi kafin zafi ya kankama.