Ilhama Ba Ta Sauka a Kan Wanda Bai Yi Karatu Ba

Akwai wata magana da na sha ji daga bakin masu sha'awar rubutu, musamman masu rubuta waƙa, wai su ba sa karanta ayyukan wasu don kada salon wani ya gurɓata musu nasu, sun fi so su zauna su jira ilhama ta sauko musu tsarkakakkiya. Na daɗe ina haɗiye abin da ke bakina game da wannan magana, amma yau zan faɗe shi: wanda bai karanta ba ba shi da salon da za a gurɓata, domin abin da yake ɗauka nasa ne, yawanci tarkacen kalmomin da suka faɗa kunnensa ne ba tare da ya tantance su ba.

Magabata ba su ɗauki waƙa haka ba. Malamin tarihi Ibn Khaldun, a cikin littafinsa Muƙaddima da ya rubuta a 1377, ya ce sharaɗin farko ga mai son zama mawaƙi shi ne ya haddace waƙoƙi masu yawa kuma nagartattu, har harshensa ya saba da zubinsu, kuma gwargwadon kyawun abin da ya haddace, gwargwadon kyawun abin da zai fito daga gare shi. Sai kuma ya kawo wani sharaɗi da ya fi ba ni sha'awa, wato a manta da lafazin abin da aka haddace, a bar tasirinsa kawai a zuciya. Ana ma ba da labarin cewa haka aka yi wa mawaƙin Larabci Abu Nuwas: malaminsa ya sa shi haddace waƙoƙi barjat, da ya kawo hadda sai aka ce ya je ya manta da su kafin a ba shi izinin yin tasa. Ko labarin ya faru yadda ake faɗa ko an ƙara masa gishiri, ma'anarsa a fili take. Abin da ake kira ilhama karatu ne da ya narke a cikin mutum har shi kansa ya kasa gane asalinsa.

Masu tsoron kwaikwayo su dubi Abubakar Imam. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga labaran Magana Jari Ce sun samo tushe daga Alfu Laila, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Turai, amma wane ne ya taɓa karanta littafin ya ji warin baƙunta? Ya karanta, ya tauna, sa'an nan ya mayar da labaran cikin bakin mutanen da ya san yadda suke magana da yadda suke ba'a. Wani lokaci ma ɓacin rai ne karatu ke haifarwa, shi kuma ya haifi littafi. Chinua Achebe ya sha faɗin yadda hoton ɗan Afirka da ya gani a littafin wani marubuci Bature, Joyce Cary, ya dame shi, har ya zama ɗaya daga abubuwan da suka ingiza shi ga rubuta littafinsa na farko, wanda ya fito a 1958.

Sai dai karatun marubuci daban yake da na mai neman nishaɗi. Mai nishaɗi yana sa riga ne ya ji daɗinta, marubuci kuwa juya ta yake yi ya dubi inda aka bi da zare. Idan wani babi ya sa ni kuka, nakan koma in sake karanta shi da sanyin jiki, ina tambayar kaina a wace jimla aka kama ni, me aka ɓoye mini tun shafukan baya, kuma me ya sa tauraron labarin ya yi shiru a inda na zaci zai yi magana. A waƙa kuwa nakan ɗaga murya in rera baitin, domin kari da amsa-amo kunne ne ke gane su kafin ido, kuma ɗangon da ya karye yakan tona kansa ne a lokacin rerawa. Wannan ne ya sa ban yarda rashin gani ko rashin takarda yana hana irin wannan karatu ba. Aliyu Namangi makaho ne, amma wanda ya saurari Imfiraji ya san mai ita ya sha ilimi ta kunne har ya ƙoshi.

Zan yarda da abu ɗaya daga ƙorafin masu tsoron kwaikwayo. Akwai lokacin da muryar wani marubuci takan mamaye mutum, kuma ni ma ta taɓa kama ni: na rubuta gajerun labarai kusan goma, na ajiye, da na dawo musu bayan shekara sai na tarar ko numfashin jimlolin ba nawa ba ne. Amma maganin da ya yi mini aiki shi ne na ƙara yawan waɗanda nake karantawa, na haɗa na da da na yanzu, zube da waƙa, har muryoyin suka yi yawa, babu ɗaya da ta iya rinjaye.

Bayan karatu kuma sai zama a kan rubutu. Marubucin Masar Naguib Mahfouz, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, ma'aikacin gwamnati ne na shekaru masu yawa, kuma an san shi da ware wa rubutu sa'o'i tsayayyu da ba ya saɓa musu. Marubucin Amurka Ernest Hemingway ya ce sau 39 ya sake rubuta shafin ƙarshe na wani littafinsa kafin ya gamsu. Zuhairu ɗan Abi Sulma kuwa, mawaƙin Larabawa na zamanin Jahiliyya, ana kiran manyan ƙasidunsa hauliyyat, wato 'yan shekara, saboda an ruwaito cewa yakan shekara yana gyara ƙasida ɗaya kafin ya fitar da ita ga jama'a. Mu a yau mukan rubuta baiti goma da daddare, kafin gari ya waye mun ɗora a Facebook muna ƙirga masu yabo, alhali da mun bar su sun kwana bakwai a cikin littafin ajiya, da mu da kanmu za mu soke huɗu daga ciki.