Waƙar Dolly da Gwaggon Amarya

A sana'armu ta sa kiɗa a wurin biki akwai wani rufin asiri: yawancin waƙoƙin Turanci da muke sakawa, babu mai jin abin da ake faɗa a ciki. Bes ya danne murya, janareta na ruri, mata na guɗa, kowa sai gyaɗa kai. Ni kuwa kayana masu kyau ne, kuma na iya saita su. Abin da ya ja mini ke nan.

Ango da kansa ya zo ya ce in amarya za ta shigo zauren dina, waƙar Dolly Parton yake so, I Will Always Love You. Ya ja mini kunne, ba ta Whitney Houston ba, ta asalin, mai jita, wadda mahaifinsa ke sakawa a kaset cikin fijo tare da su Don Williams da Kenny Rogers. Na yaba da zaɓinsa. Ta Whitney ba ta shigowar amarya ba ce: da murya zalla take farawa, mutane su ɗauka waya ce ta tsinke, can gaba kuma ganga ta buga, a ɗaga murya har tsofaffi su zabura. Ta Dolly ba ta kai minti uku ba, daidai tafiya daga ƙofa zuwa kujera, in ƙawaye ba su tsaya hoto ba.

Ranar na yi aiki irin na nuna gwaninta. Na ɗora lasifika a kan sanduna sama da kan mutane, domin jikin ɗan Adam da manyan riguna shanye sauti suke. Na kai janareta bayan katanga, na raba layinsa da na na'urar sanyaya ɗaki. Makirufo na ajiye shi bayan lasifika don kada ya yi ƙugi. A mikisa kuma, wato na'urar daidaita sauti, na rage bes, na ɗan ɗaga tsakiya, inda muryar mutum take zaune. Murya ta fito tar, kamar Dolly ta taso daga Tennessee ta karɓi katin gayyata.

Amarya ta kai rabin zaure sai waƙar ta iso inda Dolly ke daina rerawa ta koma magana a hankali. Da na ji sauti ya yi ƙasa, sai na ƙara. Zaure ya yi tsit, baiwar Allah tana yi wa mutum fatan alheri a rayuwarsa ta gaba, irin fatan wanda ya riga ya ɗaure kayansa.

Sai ga wata dattijuwa ta nufo ni, tabarau a kan hanci, jaka a hammata. Gwaggon amarya ce, ashe tsohuwar malamar Turanci.

"Kai ɗan nan, wa ya aiko ka?"

"Ranki ya daɗe, ango ne ya zaɓa. Waƙar soyayya ce."

"Soyayyar gidanku! Waƙar sallama ce. Matar cewa take in ta zauna tare masa hanya za ta yi, gara ta tafi. Yau aka ɗaura aure, ka kira mana tafiya?"

Na gyara tsayuwa, don ni ma ba baya ba ne a tarihin kayan sana'ata. Na ce Hajiya, wannan waƙa ta hau lamba ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri na Amurka a 1974, aka sake rera ta a 1982 ta sake hawa. Da Whitney ta ɗauka a 1992, mako 14 ta yi a lamba ɗaya a babban jerin waƙoƙin Amurka babu mai ture ta. Har Elvis Presley ya so ya rera, manajansa ya nemi rabin haƙƙin mallaka, Dolly ta ce a kai kasuwa.

"Elvis ɗin ne zai zauna da 'yata?"

Ta ƙarasa mini sauran tarihin a tsaye: a 1973 Dolly ta rubuta ta, kuma ba don miji ko saurayi ba. Porter Wagoner ta yi wa, ubangidanta a shirin talabijin, lokacin da za ta bar masa aiki bayan shekara bakwai. Wato takardar ajiye aiki na sa wa amarya ta taka.

Na waiga neman ango ya cece ni, na tarar ya duƙufa yana gyaran hular da babu abin da ya same ta.

Da sauri na lalubo You're My Best Friend ta Don Williams, ta 1975, wadda ita kam miji ne ke yabon matarsa. Gwaggo ta ce ban isa ba sai ta tantance. Ta ƙwace abin kunnena ta ɗora a kan ɗaurin ɗankwali, ta saurara tun daga farko har ƙarshe, amarya na tsaye a tsakiyar zaure, babu abin da ke tashi sai kukan janareta daga bayan katanga. Sannan ta ɗaga yatsa ta ce a saka. Daga nan ta jawo kujera kusa da mikisa, ba ta tashi ba har aka watse. Ko waƙar Hausa sai ta yi mini kallon gargaɗi kafin in danna.

Cikon kuɗina har yau ana "za a duba". Dangin amarya kuma sun tsaya a kan cewa tsohuwar budurwar ango ce ta biya ni, har suna faɗin nawa.