Malaman saikoloji, wai me kuke bincike a kai ne da har yau ba mu gan ku a ƙauye ba?

'Yar yayana ce ta gama sakandare bana, ta zo gida da maganar wai ita saikoloji za ta cika a JAMB, wato ilimin halayyar ɗan adam. Babanta da ya ji sai ya ajiye butar da ke hannunsa ya ce, "Wato aikin mahaukata kenan?" Ta ce a'a Baba ba haka ba ne, ya ce to ni dai ban sani ba, ki bari kawunki Malam ya duba mana tunda shi ne ɗan boko. Haka kawai aka ɗora min aiki. Ni kuwa malamin ƙaramar sakandare ne a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura, saikolojin da na sani bai wuce wanda aka koya mana a NCE ba, amma na ce to. Dare biyu na yi a gindin darbejiyar bakin makaranta, don nan ne kawai sabis ke kamawa, ina bin sunayen malaman da ke koyar da wannan fanni a jami'o'inmu, ina duba inda kowa ya yi karatu da abin da ya ce yana bincike a kai. Data ta dai ta tafi, amma na fito da abin faɗa.

Abu na farko da na lura, hanya biyu ce malaman suka biyo. Akwai waɗanda suka taso ta tsangayar ilimi, NCE, digirin koyarwa, sai mastas da dakta a saikolojin koyarwa ko fannin ba da shawara ga ɗalibai, kuma mu nan arewa su muka fi sani. Sai kuma waɗanda suka karanta saikoloji zalla tun daga digirin farko, irin su Nsukka da Ibadan da Legas da Jos. Likitan ƙwaƙwalwa da ake kai mutum wurinsa a Dawanau ko Kazaure shi daban ne, shi likitanci ya karanta kuma shi ne mai rubuta magani, wannan ma sai da na sha baki kafin yayana ya gane.

To sai abin da suke bincike a kai. Wallahi kamar an yi musu fotokofi. Tsoron jarrabawa da yadda yake shafar cin lissafi a makarantun cikin birni. Gamsuwar ma'aikatan banki da aikinsu. Yadda Facebook da TikTok ke ɗauke hankalin ɗaliban jami'a. Ban ce waɗannan ba bincike ba ne, amma dan Allah a duk faɗin Kano da Jigawa, mutum nawa ne ma'aikacin banki?

Kuma na san yadda ake yin wasu daga cikin irin binciken nan, don da hannuna na taɓa taimakawa aka ɓata guda. Wata shekara wani ɗalibin mastas ya zo makarantarmu a kan mashin, da kwali cike da takardun tambayoyi da Turanci, wai yana auna yadda yara ke ganin ƙimar kansu. Kowace tambaya sai yaro ya zaɓi ko ya yarda ƙwarai, ko ya yarda, ko bai yarda ba. Yaran aji biyu ne fa, wasunsu sunansu ma da kyar suke rubutawa. Da aka raba sai kowa ya leƙa takardar monita, inda ya sa alama nan duk aji suka sa. Bawan Allahn nan yana ta duba agogo don kada dare ya yi masa a hanya, ragowar takardun sai ya kawo ofishin malamai ya ce, "Malam ku taimaka min mana, sufabaiza na jira." Muna cin gyaɗa muna cikewa. Ni kaɗai na zama yara goma sha ɗaya a ranar, Allah Ya yafe mana. Yanzu haka wannan aiki yana nan a wani laburare da bango mai kauri, kuma wani zai ɗauko ya ce bincike ya nuna.

Ni a ganina matsalar ba lalaci ba ce kawai, daga tushe take. Malami abin da aka koya masa shi yake koyarwa, tambayar da malaminsa ya saba yi ita yake yi, shi ma malamin nasa daga littafin da aka rubuta a Amurka ya ɗauko. Fannin nan a matsayin kimiyya a Jamus aka fara shi, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig a 1879, mu kuwa sai a 1964 aka buɗe sashen saikoloji na farko a Najeriya, a Nsukka. A 2008 wani masani Ba'amurke, Jeffrey Arnett, ya duba manyan mujallun fannin, ya tarar kashi 68 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu 'yan Amurka ne, kashi 96 kuma daga ƙasashen Yamma masu arziki. Su kansu Turawan sun yi ta surutu a kan haka. To idan su da suka rubuta littafin suna cewa ma'auninsu bai game duniya ba, mu me ya sa muke auna yaran Taura da shi ko fassara ba mu yi ba?

Bari in ba da misali ɗaya da kowa a gidan Bahaushe ya sani, kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wata ma in yana kuka sai kishiya ko kaka ta ɗauka, ita kuwa ta kau da kai kamar ba ta gani ba. Ni ɗan fari ne a wurin mahaifiyata. Har mahaifiyata ta rasu ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "wannan yaron" take cewa, amma ranar da zan tafi kwaleji ita ce ta sayar da tunkiyarta ta ƙulle kuɗin a leda ta ba ƙanwata ta kawo min, ko kallona ba ta yi ba. Yanzu ka ɗauko ma'aunin shaƙuwar uwa da ɗa na cikin littafi, wanda ke ƙirga sau nawa ta kalle shi, sau nawa ta rungume shi, ai sai ka rubuta cewa matar nan ba ta son ɗanta. Ka yi ƙarya kenan da alƙaluma. Abin haushin, tun a 1977 wasu Amurkawa, cikinsu har da Robert LeVine, sun wallafa bincike kan jarirai da masu renonsu a ƙasar Hausa, suka ga yaro yana shaƙuwa da mutum fiye da ɗaya a cikin gida. Su suka taso daga can suka zo suka zauna a tsakar gida suna kallo. Mu da aka haifa a tsakar gidan muna can muna auna ma'aikatan banki.

Kuma ba wai babu abin dubawa ba ne. A watan Oktoban 2024 tankar mai ta fashe a Majiya, nan kusa da mu, mutum sama da 150 suka tafi a dare ɗaya, yawancinsu matasa. An yi jana'iza, manya sun zo jaje, an raba abin da aka raba. Amma akwai yaro a ajina da yayansa ke cikin waɗanda aka binne, har yau in babbar mota ta wuce ta yi ƙara sai ka ga ya toshe kunne yana rawar jiki, mutane sai su ce iska ce ta taɓa shi. Ambaliyar 2022 ta kwashe gidaje da gonaki daga Ringim har Auyo da Haɗeja, magidanci ya wayi gari ba rumbu ba ɗaki, me ya faru da zuciyarsa bayan ruwan ya janye? Matan da ake yi wa aikin yoyon fitsari a Jahun, an ɗinke jiki, to zuciyar wadda miji ya saka kuma aka ware mata kwanon cin abinci fa? Ga maijegon da ke daina magana bayan haihuwa a ce mayu ne. Ga matar da mijinta ya tafi ci-rani Legas wata takwas ya bar ta da surukai. Ga yaro ɗan shekara shida da aka kai almajiranci. Ga samarin da ke shan tiramol don su iya noman kwana, wasu kuma sholisho. Binciken shan ƙwaya na ƙasa da aka yi a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke ciki, amma lamba ce kawai, ba ta gaya mana me ya sa ɗan wane da ya haddace izu arba'in ya koma kwana a tasha ba.

Mutanenmu ma suna da kalmominsu. Ba wanda zai zo ya ce maka yana da ciwon damuwa irin na littafi. Cewa zai yi tunani ya yi masa yawa, ko zuciyarsa na tafasa, ko kansa na ɗaukar zafi, ko kuma ya ce sammu aka yi masa, ko kurciya. Wa ya zauna ya tattara waɗannan ya ga wanne ne ke nufin me?

Na faɗa wa wani abokina lakcara duk wannan a waya, sai ya yi dariya ya ce, "Malam kenan, ka san kuɗin mai daga nan zuwa ƙauyenku? Kuma in na shekara biyu ina zama da matan ƙauye na fito da takardar bincike ɗaya, wanda ya raba takardun tambayoyi a ajinsa ya fito da shida, wa za a ƙara wa girma?" Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Ƙarin girma da yawan takardu ake yinsa, ga aji mai ɗalibi ɗari uku, ga albashin da bai kai ƙarshen wata, ga yajin aikin ASUU da ya ci wata takwas a 2022, kuɗin bincike na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, kuma ba kowa ke samu ba. Duk na yarda. Inda ban yarda ba shi ne a ce sai an yi kuɗi sannan za a fara.

Don an taɓa yi a ƙasar nan. Likitan ƙwaƙwalwa Thomas Adeoye Lambo a Ingila ya ƙware, amma da ya dawo asibitin Aro a Abeokuta, a 1954 ya fara zaunar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye tare da danginsu, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya, kuma wannan aiki na ƙauye ne ya fito da sunansa har ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Farfesa Oye Gureje na Ibadan ya gwada haɗa ma'aikatan asibiti da masu maganin gargajiya da na addu'a a Ibadan da Kumasi, aka ga marasa lafiya sun fi samun sauƙi. A Zimbabuwe kakanni mata aka koya wa sauraron mai damuwa a kan benci, da kalmarsu ta gida mai nufin yawan tunani. Mu kuwa ga masu ruƙiyya a kowace unguwa, can mutane ke fara zuwa ko mun so ko mun ƙi, kuma kowa ya ga abin da aka tarar a gidajen mari a 2019, mutane a ɗaure da sarƙa. Ba na cewa a miƙa musu komai, cewa nake a je a zauna da su a gani, me ke aiki me ke cutarwa. Malik Badri ɗan Sudan tun 1979 ya yi rubutu kan tsaka mai wuyar da Musulmi masanin saikoloji ke ciki, shi ne kuma ya fassara aikin Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya yi bayanin baƙin ciki da tsoro da waswasi sama da shekara dubu da suka wuce. Ko wannan kaɗai aka shigo da shi aji, yayana ba zai ce karatun mahaukata ba ne, ba kuma zai ce na kafirai ba ne.

Ƙofa ma a buɗe take yanzu. Sabon tsarin manhajar da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da shi a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta daidai da yankinta. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. To jami'o'in da ke Dutse da Kafin Hausa da Wudil da cikin Kano, wannan kashi 30 ɗin me za a zuba a ciki? Ni da za a tambaye ni, in za a ɗauki sabon malami kada a tsaya a kan takardu nawa ya buga, a tambaye shi wata nawa ya taɓa yi a cikin mutanen da yake rubutu a kansu, kuma da wane harshe ya yi musu tambaya. A daina ɗaukar ɗalibin oga kawai don ya zo ya maimaita furojet ɗin oga. A yarda ɗalibi ya yi hira da mutum ashirin da Hausa ya rubuta abin da suka ce, ya fi takarda ɗari biyu da mu muka cike muna cin gyaɗa.

Yayana dai na ce masa ya bar ta ta karanta, ya ce to tunda ka ce. Ita kuma da yamma ta same ni a ƙofar gida ta ce, "Kawu, a cikin malaman da ka duba, wa ke aiki a kan matan da ke rikicewa bayan haihuwa? Irin na Inna ta gidan bayanmu nake so in karanta." Na ɗauko wayar na sake bin sunayen tun daga sama, tana tsaye tana jira, har aka kira magariba.