Wanda ya shaƙe matarsa ya riga ya ba da sanarwa

Duk lokacin da aka yi harbin kan mai uwa da wabi a Amurka sai ka ji maƙwabta na cewa ba wanda ya taɓa zato. Ni kam ban yarda ba, kuma hujjata ita ce Sutherland Springs.

Ranar Lahadi, 5 ga Nuwamba 2017, Devin Kelley, ɗan shekara 26, ya faɗa wani ƙaramin coci a wannan ƙauye na jihar Texas ya buɗe wuta. Mutum 26 suka mutu, har da ɗan da ke cikin uwarsa. Ba haka kawai ya zaɓi cocin ba. Surukarsa a nan take ibada, kuma ya sha tura mata saƙonnin barazana ta waya. Ranar ba ta je ba, amma kakar matarsa na cikin waɗanda aka kashe.

To ku dubi bayansa. A 2012, yana sojan sama, kotun soja ta same shi da laifin dukan matarsa ta farko, wadda har shaƙe ta ya yi, da kuma fasa wa ɗanta ƙanƙani ƙoƙon kai. Aka yanke masa shekara ɗaya. A shekarar ce ya tsere daga asibitin masu taɓin hankali a New Mexico, bayan ya yi wa manyansa barazanar kisa. A 2014 aka tuhume shi a Colorado da jibgar kare. Mata, yaro, dabba, shugabanni. Me kuma ake jira ya yi?

Abin takaicin, doka ta riga ta haramta masa sayen bindiga saboda wancan hukunci. Sai dai rundunar sojin sama ba ta aika sunansa cikin kundin hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, da masu sayar da makamai ke dubawa ba. Ya shiga kanti ya saya, hankali kwance. A 2021 alƙali ya ɗora wa gwamnati kashi 60 cikin ɗari na alhakin, a 2023 aka sasanta da waɗanda suka tsira da iyalan mamatan a kan dala miliyan 144.5. Kuɗi ne masu yawa, amma aika takarda ɗaya ya fi su araha.

Wani zai ce matsalar Amurka ce da bindigoginta. Da gaskiyarsa, mu nan ba a sayar da bindiga a kanti. Amma akwai wuƙa, akwai fetur, kuma sakacin iri ɗaya ne. Yarinya ta yi yaji ta zo gida da shatin yatsu a wuya, muryarta a dushe, sai a ce ki yi haƙuri, zaman aure ibada ne, a sa ƙaninta ya mayar da ita kafin magariba. Haƙuri yana da muhallinsa: baƙar magana, ƙarancin cefane, halin dangin miji. Hannu a maƙogwaro ba ya cikin wannan layi. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2008 ya nuna macen da mijinta ya taɓa shaƙewa, haɗarin a kashe ta ya ninka wajen sau bakwai. Idan ya haɗa da cewa "sai na kashe ki", ko ya fara zagin iyayenta yana yi musu barazana, magana ta wuce ta sulhun zaure.

Iyaye da yayye, in 'yarku ta zo a haka, asibiti za a fara kai ta a rubuta abin da aka gani, sannan a kira waliyyai, a je gaban alƙali in ta kama. Kuma lokacin rabuwa shi ne mafi haɗari gare ta. Ko kayanta za a kwaso, kada a bar ta ta koma gidan ita kaɗai.