Jeren da na yi a gidan da babu shi a doron ƙasa

Ranar Asabar Gwaggona ta zo mana wuni, ta tarar da ni a gaban kwamfuta tun bayan azahar ina ta jujjuya abu ɗaya. Da ta gaji da kallona ta ce, "Ke 'yar nan, wai me kike ta saƙa da warwara ne haka?" Na ce, "Gwaggo, kujera nake gyara wa zama." Ta waiga dama ta waiga hagu, ta ce ina kujerar? Na juyo mata da fuskar kwamfutar: falo ne madaidaici, da darduma ruwan ƙasa, da labule fari, da kujerar da na kasa samar wa gurbi tsakanin taga da ƙofa. Ta tambayi nawa na saye ta. Na ce Linden 250, kuɗin da ake ciniki da shi a can ciki, wajen dala ɗaya ke nan. Ta yi shiru tana lissafi da naira, sai ta tafa hannu ta ce, "Kuɗin kayan miya kika ba wa hoto? Allah ya shirya."

Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta kwana a raina, shi ya sa na zo nan da ita.

Ga wanda bai sani ba, sunan wurin Second Life. Wani kamfani ne a San Francisco ta Amurka, Linden Lab, ya buɗe shi a 2003, kuma Philip Rosedale ne ya kafa kamfanin. Ba wasa ba ne irin na harbe-harbe, babu cin maki, babu wanda za ki kayar. Fili ne kawai aka shimfiɗa, kusan duk abin da ke kansa mazauna ne suka gina da hannunsu: gidaje, shaguna, gashin kai, takalma, har tukwanen fure. Kina shiga da abata, wato 'yar tsanar da ke tsaya miki a ciki, ki yi mata sutura, ki nemi gida, ki yi maƙwabta. Kuɗin garin shi ne Linden, ana saye da dala, kuma mai shago na iya mayar da cinikinsa dala ya cire. A nan ne wata mata mai suna Ailin Graef, wadda aka fi sani da Anshe Chung, ta yi suna a 2006, lokacin da ta bayyana cewa dukiyarta ta cikin garin ta kai darajar dala miliyan ɗaya. Sana'arta dillancin fili: ta saya, ta gyara, ta yanka, ta ba da haya. Duk wanda ya taɓa zama da dillalan filaye a bayan gari ya san wannan aikin, sai dai ita ba ta taka ƙura.

To Gwaggo ta ce hoto na saya. Ni kuwa na ce a'a. Kuma hujjata tana cikin ɗakin Gwaggon kanta.

Akwai kabet a ɗakinta da ke cike da kwanukan samira da tangaran tun na aurenta. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin an zuba tuwo a ko ɗaya ba. Ana sauke su gab da sallah, a wanke, a goge, a mayar. Wa ya taɓa cewa asara ce? Jere ba don ci ake yin sa ba, don ido ne, don mai shigowa ta san wace ce mai ɗakin, kuma don mai ɗakin ta ɗaga kai ta ji sanyi a ranta. Haka ankon biki: mu sayi atamfa, mu biya tela, mu sa sau ɗaya a yi hotuna, ta koma ƙasan akwati. Mu ne mutanen da suka fi kowa sanin darajar abin da amfaninsa kallo ne. Saboda haka in an zo yi wa masu ado a intanet dariya, ni dai ban ga bakin da za mu yi ta da shi ba.

Sannan kujerar nan wani ne ya zauna ya ƙera ta. Tun 2011 da aka ba mazauna damar shigo da kayan da suka sassaƙa a manhajoji irin su Blender, aikin ya koma na gwanaye. Mutum zai shafe kwanaki yana fitar da lanƙwasar matashi, da inuwar da ke kwanciya a ƙarƙashin hannun kujera, da yadda abata za ta zauna ta harɗe ƙafa ba tare da ta nutse cikin katifa ba. Ladan wannan zaman na biya, kamar yadda ake biyan mai ɗinkin hula ladan allurarsa, ba kuɗin zare ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai da na fara, kuma ya fi burge ni yanzu, shi ne awo. Kowane kaya yana da nauyinsa a lissafin garin, kowane fili kuma yana da iyakar abin da zai ɗauka. Gidajen da kamfanin ke ba masu biyan kuɗin wata a yankin Bellisseria, wanda aka buɗe a 2019, yawancinsu fili ne mai murabba'in mita 1024, kuma nauyin kayan da za ki jera kada ya wuce 351. Da jin adadin sai ki ce ai da yawa. Ki fara jere ki gani. Gado ya ci goma sha, kicin ya ci talatin, wata 'yar bishiya da kika ƙyalla ido a kanta ta ci ashirin ita kaɗai. Na taɓa kwana ina shawara tsakanin fitilar tsaye da kwandon furanni, don ɗaya kawai filin zai ɗauka. Daga nan na gane gwanar ado ba mai tara kaya ba ce. Akwai wata maƙwabciyata, daga Brazil take, da kaya ƙalilan ta haɗa baranda, amma in ka tsaya a wurin sai ka ji kamar ka nemi a kawo maka shayi. Ni da na cika falona da tarkace har abata ba ta samun hanyar wucewa, a wurinta na koyi cirewa.

Inda zan ba Gwaggo gaskiya ba inda ta nufa ba ne. Kwanukanta nata ne. In ta ga dama gobe ta sayar, ko ta bar wa jikoki. Ni gidana na farko haya na kama a hannun wani mai tsibiri, ina biya duk mako. Wata safiya na shiga na tarar da kaina tsaye a kan ruwa: babu gida, babu tsibiri, mai shi ya daina biyan kuɗin filin ya yi ɓatan dabo da kuɗin mako uku da na ba shi gaba. Kayana sun dawo mini a dunƙule cikin ma'ajiya kamar an kwashe su a buhu. Jeren wata biyu ya tafi a dare ɗaya. Kuma wannan ƙaramin abu ne. Google ta buɗe nata garin mai suna Lively a watan Yulin 2008, kafin shekarar ta ƙare ta rufe shi, duk ɗakin da wani ya ƙawata ya bi ruwa. Second Life ta haura shekara ashirin, har ta canja masu ita a 2020 tana nan daram, amma duk da haka zaman haya ne. Wanda ya zuba kuɗin da zai yi masa ciwo in an kashe na'ura, shi ya so. Na ga kuma waɗanda suka faɗa wa injinan gaca, inda kike saka kuɗi ki ja, abin da ya faɗo shi ne rabonki, mutum ya yi ta ja yana neman gado ɗaya da ba ya fitowa sai da ƙyar. Caca ce tsagwaronta ko da wane suna aka kira ta, kuma na ji daɗi da aka haramta ta a 2021.

Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne, kuma a wajen sutura yake.

Abata ta zamani kashi-kashi ake haɗa ta. Ki sayi jiki, irin su Maitreya ko Legacy, ki sayi kai, irin na Lelutka, kowanne dubban Linden, sannan fata, sannan gashi. Kaya kuma sai an ɗinka su daidai da irin jikin da kika saya, rigar wannan ba ta shiga wancan, shi ya sa mai hankali ba ta sayen komai sai ta gwada samfurin da ake bayarwa. Baƙar fata mai kyau yanzu akwai, har kitso akwai. Na sami kimono, na sami sari, na sami abaya da hijabi iri-iri. Da sallah ta zo na ce bari in yi shigar gida. Na yi yawon shaguna har idona ya yi ja. Abin da na yi ta cin karo da shi da sunan kayan Afirka, atamfa ce aka yanka aka ɗame kamar za a gidan rawa. Ban sami riga da zani na mutunci ba, ban sami ɗaurin ture-ka-ga-tsiya ba, balle babbar riga mai aska takwas da hula zanna. Lallen da na samu ma zanen Indiya ne. Ƙarshe da abaya na yi sallah, kamar baƙuwa a gidan ubana.

Ba na ganin laifin masu ɗinkin can. Kowa abin da ya tashi ya gani a gidansu yake ɗinkawa. Mu ne ba mu je da allurarmu ba. Ga yara a Kano da Kaduna da Zinder da suka iya zane a kwamfuta kamar me, ga Blender kyauta ake sauke ta, ga kasuwa da ake biya da dala. Na san wuta da data da tsadar kwamfuta mai ƙarfi ba ƙananan shinge ba ne, ni ma sai an kawo wuta nake shiga. Kuma babbar riga ba ta da sauƙi: kayan can a jikin ƙasusuwan abata ake ɗaure su, ba sa zuba da kansu kamar yadi, saboda haka da mutum ya ɗaga hannu sai faɗin rigar ya miƙe kamar fiffike, ko gwiwar hannu ta huda ta fito. Sai an yi dabara. To amma wanda ya warware wannan, layi za a yi masa.

Ni dai na fara daga inda ƙarfina ya kai, hula. Wata uku ina fama da ita, na ɗauki hoton ta Baba ta kowane gefe ina kwaikwayon zanen. Kafin Gwaggo ta tafi na ɗora ta a kan wata abata ta namiji na nuna mata. Ta sa tabarau, ta matso da fuska har tana neman taɓa gilashin, ta daɗe tana dubawa. Sai ta ce, "Ai ba a kafa ta tsaye ƙiƙam haka kamar tukunya. Karya ta kaɗan ta gaba. Kuma wannan zaren ya yi kauri, ɗinkin 'yan koyo ne. Matsa in gani, ta ina ake juya shi?"